Neman Taimako Kan Ƙididdigar Amana a Ciniki

Assalamu alaikum, malamaina. Ina bincike kan ko gaskiyar ɗan kasuwa wajen awo ce ke sa mai saye ya riƙa komawa wurinsa. Na raba takardun tambayoyi ga masu sayen gero a Babbar Kasuwar Sakkwato, da ma'aunin Likert, inda mai amsa ke zaɓar maki daga 1 (mafi ƙasa) zuwa 5 (mafi girma), amma kusan kowa 5 ya zaɓa. Na ga wata dattijuwa tana satar kallon mai hatsin kafin ta amsa, domin kunya ba za ta bari ta kushe mudunsa a gabansa ba. Yanzu a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, alaƙar Pearson (ma'aunin yadda abubuwa biyu ke tafiya tare) tsakanin gaskiyar awo da komawar mai saye ta fito kusan sifili. Shin Spearman, wani ma'aunin alaƙa mai aiki da jerin matsayi, zai magance wannan, ko kuwa dole in sake tattara amsoshin nesa da rumfuna? Don Allah a taimaka mini, lokacin miƙa aikin ya ƙarato.