Tambaya: siliki haramun ne a wurin mabiya addinin Hindu?

Mai Keken Ɗinki, Birni:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ce a unguwar Birni nan Damagaram, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ƙanena yana karatun haɗa magunguna a Bangalor, ƙasar Indiya. Matar da yake haya a gidanta dattijuwa ce ƴar Hindu, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta, ko zazzaɓi ya kwantar da shi ita ke tsaye a kansa. Bayan sallah ya tara kuɗi ya sayo mata gyalen siliki tsantsa don ya gode mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa, ta sa masa albarka, sannan ta mayar masa. Ta ce ita ta bar sa siliki, domin sai an kashe rai ake samun sa. Yaron ya kira ni hankalinsa a tashe, yana ganin ya yi mata laifi.

Abin da ya ɗaure mini kai, a hotunan biki da yake turo mini, amarya da danginta duk siliki ne har ƙasa. To haramun ne a wurinsu ko kuwa? Kuma wane rai ake kashewa?

Tsohon Ɗalibin Maisur:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar masa da hankali, bai yi laifi ba. Na zauna a Maisur, a jihar Karnataka inda Bangalor take, wadda ta fi kowace jiha a Indiya samar da irin wannan siliki. Tsutsa ce ke yin sa. Idan ta ƙoshi da ganye sai ta naɗe kanta cikin wani ɗan farin gida da ta saƙa da zare guda ɗaya, mai tsawon ɗaruruwan mita. In aka bar ta ta yi fuka-fuki ta fito, za ta huda gidan, zaren ya tsittsinke. Shi ya sa ake tsoma gidajen cikin tafasasshen ruwa ko tururi tana ciki da ranta. Kilo ɗaya na zare yana cin gidaje wajen 5,000.

Su kansu Hindu ba bakinsu ɗaya ba. A gefe guda siliki tufa ce mai tsarki a wurinsu, da ita ake shiga ibada, ita ake sa wa gumaka a haikali, kuma amaryar kudancin Indiya da wuya ta rasa sari, wato dogon zanen matan Indiya, na silikin garin Kancipuram. A ɗaya gefen akwai ahimsa, koyarwarsu ta kada a cutar da mai rai, wadda ita ce ke sa da yawansu barin nama. Babban malaminsu na wannan gari, Candrasekarendra Saraswati, wanda ya rasu a 1994, ya sha yi wa mabiyansa nasiha su bar siliki saboda wannan dalili. Mabiya Jain, wani addini na Indiya, ma sun fi tsanantawa. Ba doka ce da ta hau kan kowa ba, dattijuwar ta zaɓa ne don tsoron alhaki.

Malamin Zaure, Zengo:

Hajiya, kada a haɗa da namu hukuncin, dalilan daban suke. A Musulunci an hana maza sa alharini, an halatta wa mata, kuma an yi rangwame a kan abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Ba don tsutsar aka hana mu ba. Amma tausayin dabba ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma matar da ta riƙe mana yaro a baƙuwar ƙasa ta cancanci a mutunta abin da take gudu.

Baba Mai Aska Takwas:

Ƴata, mu ma fa muna da namu. Tsamiya da muke aikin babbar riga da ita, zaren tsutsar daji ne. Su a dunƙule suke yin gida guda su da yawa, a dafa shi da toka, a kaɗa da hannu. Shi kuma jan alharini na da, ayarin raƙuma ke kawo shi daga Tarabulus ta Agadas, ya sauka nan Damagaram kafin ya wuce Kano. Na tsufa ina soka allura a tsamiya, ban taɓa jin wani ya tambayi makomar tsutsar ba sai yau. Zancen ya taɓa ni ƙwarai.

Tsohon Ɗalibin Maisur:

Baba, akwai irin wannan a can. A jihar Assam suna da silikin eri, tsutsarsa ganyen zurma take ci, gidanta kuma a buɗe yake ta baki ɗaya, ana iya barin ta ta fita sannan a kaɗa zaren. Wani mutumin Andra Faradesh, Kusuma Rajaya, ya samu rajistar tasa hanyar a 2006, inda ake jira sai ƙwaron ya fice. Sai dai irin wannan siliki ba ya ƙyalli sosai, kuma ya fi tsada. Abin da ke hana ni yanke hukunci da sauri shi ne masaƙa. Yawancin masu saƙa sarin siliki a garin Banaras ƴan uwanmu Musulmi ne, talakawa, da wannan zaren suke ciyar da iyali.

Mai Keken Ɗinki, Birni:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Baba da kai ɗalibin Maisur. Jiya na zare bakin wani yadi da na sayo a kasuwar Dole da sunan siliki, na kusantar da ashana. Ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ce. Na gaske, kamar gyalen da na gada wurin Inna, warin ƙonannen gashi yake yi, ya zama toka mai murmushewa a yatsa. Wannan gyale ba zan yar ba, amma ban jin zan ƙara sayen wani da sauƙin zuciya irin na da.

Na ce wa yaron ya mayar da siliki shago. Zan ɗinka wa dattijuwar mayafi na saƙin auduga, in yi masa aikin hannu a baki, in ba wani mai tafiya ya kai mata. Kai da ka zauna da su, wane launi ne ya dace da mace mai shekarunta?