Gobarar batirin sola a shago: da me ake kashe ta?

Mai tireda, Agege:
Assalamu alaikum. Yawancin maƙwabtana a kasuwa sun koma amfani da sola mai batirin litiyam saboda tsadar man janareta, sai dai ina fargaba, domin shagunanmu a manne suke da juna. Idan irin wannan batiri ya kama wuta, ruwa ake zubawa ko yashi?

Mai gyaran lantarki, Idi Araba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ya bambanta wannan wuta da sauran shi ne zafin daga cikin batirin yake tasowa, yana ratsawa daga wani sashen batirin zuwa wani, shi ya sa takan sake tashi bayan an zaci ta mutu. Ruwa mai yawa ne ke sanyaya shi, amma sai an fara katse layin lantarki, kuma hayaƙinsa guba ne, don haka a fitar da mutane tukuna. Wutar fetur kuwa ba a zuba mata ruwa. Yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda ake amfani da su.

Ɗan kasuwar Mile 12:
Malam ya yi gaskiya, amma a ganina babbar matsalar ita ce hanya. Gobarar 2019 ta kasuwar Balogun da ke Legas ta nuna yadda cunkoson rumfuna ke hana motocin kashe gobara isowa da wuri. A kira lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767, nan take, kada a tsaya kwashe kaya.

Mai tireda, Agege:
Na gode. Zan gabatar da batun a taron ƙungiyarmu, a raba batura da jarkokin mai.