Allunan zamiyata masu faɗi suna nutsewa a cikin sabuwar ƙanƙara

Salamu alaikum. Ina karatu a Grenoble ta Faransa, shekara uku ke nan ina wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Bana na sayi kwancen allunan zamiya masu faɗi, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa, milimita 112 a tsakiya, tsawo santimita 177, don in riƙa zuwa La Grave, wani wurin zamiya a kan duwatsu inda ba a daddale ƙanƙarar hanya. Tsayina santimita 180, nauyina kilo 84.

Ga abin da ya ishe ni. Da zarar ƙanƙara mai laushi ta kai gwiwa, sai bakin allunan ya nutse, in kifa da fuska. Ranar Asabar sau huɗu, har ɗaya ya fita daga ƙafata, na yi minti ashirin ina tono. In na jingina baya bakin yana ɗagowa, amma cinyoyina su ɗauki wuta kafin rabin gangare, kuma juyawa ta gagara.

Na shafa kakin zamiya, na ƙara ɗaure takalmi, na ɗauki darasi na kwana ɗaya. Babu canji. Da na yi hayar wasu masu tsawo 186, wallahi kamar kwalekwale a kan ruwa.

Sai na lura mai su na farko ya kafa maƙalin takalmin santimita 2 gaba da layin da kamfani ya zana. Wani mai gyara ya ce a huda sabbin ramuka a mayar da shi baya, wani kuma ya ce allunan ne suka yi mini gajere, asarar kuɗi kawai zan yi.

Mayar da maƙalin kan layi zai hana nutsewar, ko dai in sayar in nemi masu tsawo? Na gode.