Fitilun LED masu bin kiɗa a situdiyon ɗaki: me ya sa suke makara, kuma daga ina ƙugin nan yake zuwa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Situdiyo ne na ƙaramin ɗaki: kwamfuta, sawunkad mai mafita huɗu, sifika biyu. Na zagaya bayan tebur da igiyar LED samfurin WS2812B mai tsawon mita 5, ƙwai (ƙananan fitilu) 60 a kowace mita, ɗan allon kwamfuta na ESP32 ke tuƙa ta da manhajar sarrafa fitila ta WLED, da ɗan makirufo na MAX9814. Matsaloli uku ne. Fitilar tana biyo bayan bugun ganga, ba ta sauka tare da shi. In na sa hedifon don ɗaukar murya sai ta mutu gaba ɗaya. Na uku, da ta yi haske sosai sai wani siririn ƙugi ya shiga sifika, ƙarshen igiyar kuma ya koma ruwan ɗorawa maimakon fari. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. Malam, fara da wuta, don matsalarka ta uku can take.

Kowane ƙwan WS2812B yana iya jan miliyamfiya 60 in ya kunna fari ƙal, wato 20 ga kowane launi: ja, kore, shuɗi. Ƙwai 300 ne a mita 5 ɗinka. Lissafa: amfiya 18 a kan bolt 5, wat 90 ke nan. Siririn tagullar da ke cikin igiyar ba zai iya kai wannan nauyi daga farko har ƙarshe ba, sai wutar ta riƙa raguwa a hanya. Shuɗi ne ya fi bukatar bolt, shi yake fara sarewa, shi ya sa farin ya koma rawaya.

Magani shi ne ka shayar da igiyar daga wuri uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Ja waya biyu masu kaurin milimita 1 murabba'i ko fiye daga adaftar wutar zuwa kowane wuri, kowane layi da fiyus ɗinsa kusa da adafta. Wayar bayanai kuwa daga farko kaɗai take shiga, ka bi kibiyar da aka zana a jikin igiyar.

Ba lallai ka sayi adafta mai amfiya 20 ba. Mai 10 ta isa, in ka shiga saitin LED a WLED ka sa iyakar wuta a kan 8000mA. A ɗaki mai duhu ma ba wanda zai iya zama da cikakken hasken ƙwai 300.

Ƙananan kaya uku da ake yawan tsallakewa: kafasita mai 1000µF tsakanin 5V da GND (wayar nagatib) a bakin igiyar, resista mai om 330 a kan wayar bayanai, sai ɗan cip na 74AHCT125 da zai ɗaga siginar ESP32 daga bolt 3.3 zuwa 5. In babu na ƙarshen, wata igiyar za ta yi aiki, wata kuma ta dinga ƙyaftawa da launukan da ba ka aike ta ba. GND na ESP32 da na igiyar dole su haɗu.

Amsa ta biyu:

Bayanin wuta ya yi daidai. Amma ainihin kuskuren, ɗan'uwa, makirufon ne. Makirufo na ɗakin rawa ne, inda sauti ke cika iska. A situdiyo rabin aikin cikin hedifon ake yi, to me zai ji? In kuma sifika na kunne, abin da yake ji ba waƙar ba ce tsantsa: akwai amsa-kuwwar bango, ƙarar fanka, har da kujerarka in ta motsa. Sannan MAX9814 yana daidaita ƙarfin sauti da kansa, yana danne bugu mai ƙarfi yana ɗaga shiru, sai bambancin da fitila ke bukata ya baje. Da yawa daga abin da kake gani kamar makara wannan ne: bugun bai fito da kaifi ba.

Tunda kana da mafita huɗu, ka bar 1 da 2 ga sifika, ka ware 3 da 4 ga fitila. A manhajar haɗa kiɗanka buɗe layin aikawa guda, ka tura masa gangar kik da sinaya da ɗan bes kawai, ka fitar da shi ta 3 da 4. Nan ne daɗin abin yake: kai ne kake zaɓar abin da fitila za ta ji. Ka bar murya da fiyano a waje, su ne ke cika tsakiyar sauti su sa igiyar ta yi ta rawar kai ba tsari. Kik yana zaune ne wajen haz 50 zuwa 100, ka ɗan ɗaga masa nan. Layin bai shiga kunnen kowa, don haka ka matse shi yadda kake so.

Daga sawunkad zuwa ESP32 kana bukatar ɗan allon PCM1808 ko WM8782, mai juya sautin waya zuwa I2S, wato siginar dijital da ESP32 ke karantawa. Yana neman siginar agogo mai suna MCLK, wadda a ESP32 na asali fil (ƙafar haɗa waya) 0, 1 ko 3 kaɗai ke bayarwa. A kula: PCM1808 yana cika ne a kusan bolt 3 daga tsini zuwa tsini, alhali matakin +4dBu na kayan situdiyo ya kai kusan 3.5. Rage ƙarfin mafitar sosai, in ba haka ba duk launuka za su tsaya a sama ba motsi. A saitin sauti na WLED, kashe AGC (mai daidaita ƙarfin sauti da kansa), ɗaga Squelch (mai yanke ƙananan ƙara) har fitilar ta yi tsit lokacin da ba kiɗa, sannan ka hau da Gain (ƙarfin sauti) a hankali.

Jinkiri kaɗan ba ya ɓacewa. WLED yana tara samfur 512 a gudun 22050 cikin daƙiƙa kafin ya tantance su, wajen milisakan 23, sai kuma kusan 9 na aika bayanai ga ƙwai 300. Ido ba ya cika kama wannan.

In dole sai makirufo, INMP441 ya fi. Haɗa ƙafafunsa da ESP32 haka: SD a fil 32, WS a 15, SCK a 14, L/R zuwa GND, wayoyin gajeru.

Amsa ta uku:

Gyara ɗaya ga malamin da ya gabata. Da zarar an ja waya daga sawunkad zuwa ESP32, an haɗa GND na sauti da na adaftar fitila, kuma ta nan ƙugin zai ƙaru. Ƙwayayen suna kunnawa da kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa don rage haske, wannan dattin yana bin waya. A sa ƙaramar tiransifoma mai raba layin sauti a tsakani. Sifika su tafi da waya mai layi uku, XLR ko TRS. Wayar fitila kada ta kwanta gefen ta sauti. In dole su haɗu, su gitta juna. Gwaji mai sauƙi: kunna fari a rabin haske ba kiɗa, ka saurara, ka zare adaftar. In ƙugin ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Kada dai a cire filin at (earth) na soket don kashe ƙugi, wannan wasa da rai ne.

Akwai hanyar da ba sai an ja wayar sauti zuwa ESP32 ba: manhajar LedFx a kwamfuta tana sauraron sautin ta tura launuka zuwa WLED ta Wi-Fi. Tarkonta a Windows shi ne ASIO, direban da manhajar kiɗa ke amfani da shi wajen magana da sawunkad, yana tsallake mahaɗar sautin Windows, LedFx ta ji shiru. Sai ka mayar da mafita 3 cikin wata mashigar sawunkad da gajeriyar waya, ka nuna mata wannan mashigar. ESP32 na asali 2.4GHz kaɗai yake kamawa.

In za a ɗauki bidiyo a ɗakin, WS2812B yana iya fitar da ratsi-ratsi a kyamara. Samfurin APA102 ya fi shi saurin ƙyaftawa nesa ba kusa ba, don haka ya fi dacewa da kyamara. Walƙiya mai ƙarfi kuma kada ta wuce uku a daƙiƙa, saboda masu farfaɗiya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, malamai. Zan fara da shayar da igiyar da gwajin zare adafta, sannan LedFx tunda ba sai na taɓa dalma ba. Tambaya ɗaya: tiransifomar raba layin ba za ta cinye bes ɗin ba?

Amsa ta uku:

Masu araha suna ɗan rage na can ƙasa, har su murguɗa shi in siginar ta yi ƙarfi. Ga fitila ba komai, ka ƙara masa kaɗan a layin aikawa. Kan hanyar sifika ce kawai ba a sa irinsu.