Shawarwari kan alawar Asiya mai ɗanɗanon 'ya'yan itace

Waɗanda suka saba odar alawar nan ta intanet sun fi jan kunne kan sinadarin jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Wasu alawoyi masu danƙo, har da wasu nau'o'in Hi-Chew na kamfanin Morinaga na Japan, da jelatin na alade ake yin su. Don haka a buɗe hoton bayan leda a karanta kafin a biya, ko a nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta Malesiya. Ni dai wannan ce shawarar da ta fi muhimmanci a wurina.

Wajen ɗanɗano kuwa, kowa da nasa. Na lici (wani ɗan itace mai zaƙi) ya samu yabo, haka na mangwaro. Alawar tsamiya ta Tailan, mai gishiri da barkono, ba za ta zama baƙuwa a bakin Bahaushe ba. Ta duriyan fa, wato wani ɗan itace mai wari sosai, a fara da ƙaramar leda, warinta na iya cika ɗaki.

A Japan shekara ake fara rubutawa a ranar lalacewa, sannan wata, sannan rana. Jelin konjak (wanda ake yi da garin saiwar wani tsiro) na ƙananan kofuna kuma kada a ba yara, yana iya shaƙe su. Tarayyar Turai ma ta hana sayar da shi.