Muhawara: Shin cm⁴ hujja ce cewa akwai fuska ta huɗu?

Auwal: Assalamu alaikum. Ga maganata, kuma ina nan a kanta. Mita tsawo ce kawai. m² fili ne, tsawo da faɗi. m³ tanki ne, an ƙara zurfi. To a jadawalin ƙarafan gini an rubuta cm⁴ ƙiri-ƙiri. Injiniyoyi ba sa auna abin da babu shi. Ke nan bayan tsawo, faɗi da zurfi akwai fuska ta huɗu, idonmu ne bai kai gare ta ba.

Injiniya Rabi'u: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kullum da cm⁴ ɗin nan muke aiki, babu abin da ya ɓuya a cikinsa. Awo ne na yadda bim, wato ƙarfe ko katakon da ake gittawa ya ɗauki nauyin gini, yake ƙin lanƙwasa. Ɗauki katako mai cm 5 a gefe ɗaya, cm 10 a ɗayan. Ana ninka gindinsa da tsayinsa sau uku, a raba da 12. In ka kwantar da shi, 10×5×5×5÷12, wajen cm⁴ 104 ke nan. In ka tsayar da shi a kan gefensa, 5×10×10×10÷12, wajen 417. Katakon bai canza ba, amma taurinsa ya ninka huɗu. Shi ya sa kafinta ba ya kwantar da katakon rufi. Awo biyu ne kacal a lissafin, ɗaya ne ya shiga sau uku.

Auwal: To Injiniya, don me ƙaramar lambar da ke saman m take ƙirga fuskoki a m² da m³, sai a 4 ta daina?

Malama Bilkisu: Auwal, ko a ƙasa da 4 ba kullum take ƙirga su ba. Ruwa yana cika tanki, amma in an yi ruwan sama sai ka ji an ce milimita 20. Abin nufi, lita 20 ta sauka a kan kowane m² na ƙasa, aka raba yawan ruwan da faɗin filin, tsawo ya saura. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, in ka raba, amsar za ta fito 0.08 mm². Ƙaramar lambar da ke saman m tana gaya maka sau nawa aka ninka tsawo ko aka raba shi. Ba ta ƙirga hanyoyin da mutum zai iya motsawa.

Nura: Malama, ni fa ina bayan Auwal ta wata ƙofar. A 1908, a birnin Kolon na Jamus, masanin lissafi Hermann Minkowski ya haɗe lokaci da sarari ya mai da su abu ɗaya mai fuska huɗu, a kan aikin Einstein na 1905. Kuma tun 1983 ita kanta mita da lokaci ake fassara ta: tazarar da haske ke ci a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa. Tunda ana juya daƙiƙa ta koma mita, ai m⁴ ya tabbata.

Malama Bilkisu: Wannan m⁴ ɗin na yarda da shi, Malam Nura, amma ba shi ne na bim ba, kuma ba shi Auwal yake nufi ba. A lissafin Minkowski, lokaci yana shiga da alamar lissafi (+ ko −) kishiyar ta sauran ukun. Kana iya zuwa gabas ka dawo. Jiya ba ta komuwa.

Alhaji Garba: Malama, ni tambaya gare ni. In da akwai ta huɗun, irin tsawo da faɗi sak, ta yaya za mu gane?

Malama Bilkisu: Ranka ya daɗe, da sama ta nuna mana. Ƙarfin da rana ke jan duniya da shi yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu in nisa ya ninka biyu, domin yana bazuwa ne a sarari mai fuska uku. Da huɗu ne, da zuwa kashi ɗaya cikin takwas zai faɗi. Paul Ehrenfest ya nuna a 1917 cewa a irin wannan sarari kewayen duniya ba zai ɗore ba: ɗan turi kaɗan, ko ta faɗa cikin rana ko ta kuɓuce har abada. A nan ne awo yake da abin faɗa da gaske, don lambar G ta Newton, wadda ake lissafin ƙarfin jan nan da ita, da ke da m³ a cikinta sai ta koma m⁴. Abin da aka auna kuwa ya dace da m³.

Auwal: Ehrenfest a kan buɗaɗɗiyar fuska ya yi magana. Theodor Kaluza ya kawo ta biyar (in an ƙirga da lokaci) a 1921, Oskar Klein ya ce a 1926 a naɗe take, ƙanƙanuwa ƙwarai. Masu nazarin "zare", da ke ganin da ƙananan zaruruwa aka yi komai, su ma fuska goma suke lissafawa. Duk waɗannan ba su san abin da suke yi ba ne?

Malama Bilkisu: Sun sani mana, kuma lissafinsu abin girmamawa ne. Amma an nemi alamar waɗannan fuskoki a LHC, babbar na'urar da ke gwara ƙananan ƙwayoyin halitta a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, ba a samu ba.

Nura: Rashin samu a iya ƙarfin LHC bai kore su ba, Malama. In ƙanƙantarsu ta kai yadda Klein ya ƙiyasta, na'urar ba ta ma kusanci wurin ba.

Injiniya Rabi'u: Wannan ku ci gaba da ita ku masana fiziks. Ni dai Auwal, ka cire bim ɗina daga cikin hujjojinka.