Gashin Lahadi a Ingila: obin ɗaya, ragowar nama, da kyanwar da ke jiran a juya baya

Maman Hanifa, Leeds:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu yin gashin Lahadi irin na mutanen Ingila a gida, don Allah a zo a haɗa abin da aka sani. Obin ɗaya ne, amma kaza da dankali da Yorkshire pudding (ƙullun fulawa da ƙwai da madara da ake gasawa a ci da naman) kowanne da zafin da yake so. Ga ragowar nama ran Litinin. Ga kuma kyanwa a gida, wadda ba ta san haramun ba.

Anti Mai Girki, Manchesta:
Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Daga lokacin cin abinci ake fara lissafi, a koma baya. Kaza tana son minti 45 ga kowane kilo, a ƙara minti 20 a kai, a zafin digiri 190, ko 170 in obin ɗin mai fanka ne. Mai kilo 1.8 za ta ci awa ɗaya da minti 40 ke nan. In ƙarfe 2 za a zauna, ki sa ta 11:45, ki fitar 1:25. Dankali ya shiga ƙarfe 1. Da kin fitar da kazar ki ɗaga wuta zuwa 220, ki sa tiren pudding da mai a ciki ya yi minti goma, 1:35 ki zuba ƙullu. Kazar kuma tana gefe tana hutawa. Wannan hutun ba ado ba ne: in aka yanka ta da zafinta, ruwan jikinta a kan katako zai ƙare, ƙirjin ya zama kamar audugar katifa.

Ki soka ma'aunin zafi a tsokar cinya, kada ya taɓa ƙashi. In ya nuna 75, ta nuna.

Baban Sadik, Bradford:
Anti ta gama magana kan kaza. Ni dai jan nama zan ja wa kunne. Turawa suna son tsakiyar naman da ɗan ja, mu kuwa sai ya nuna tiɓis. To yankan topside, wato tsokar cinyar sa, da ake yawan sayarwa don gashi ba shi da kitse, in aka matsa masa wuta har jan ya ɓace sai ya koma kilishin da ba yaji. A ce wa mahaucin halal ya ba da kafaɗar rago mai kilo 2. A shafe ta da gishiri, masoro, tafarnuwa da citta, a zuba ruwa kofi ɗaya a ƙasan tire, a rufe ruf da foyil, digiri 160, awa huɗu. Rabin awan ƙarshe a buɗe ta yi ja. Cokali ma zai raba ta da ƙashi.

Hajiya Babba, Landan:
Dankalin ne ke ba mutane kunya. A sayi Maris Piper ko King Edward, su ne masu gari. A tafasa shi minti takwas zuwa goma da gishiri, a tsane, a bar tururin ya fita, sannan a rufe tukunyar a girgiza har gefensa ya yi kaushi. Wannan kaushin ne ke zama ɓawo mai ƙaras-ƙaras. Man ya riga ya yi zafi a tire, ki ji "cuu" lokacin da dankalin ya sauka. In an cunkusa shi waje ɗaya, turara kansa zai yi, ba gasuwa ba.

Ƙullun pudding: fulawa giram 140, ƙwai 4, madara mililita 200, gishiri kaɗan. Fulawa zalla, ba mai sinadarin tashi ba, ƙwan da zafin man ne ke ɗaga shi. Kada a buɗe obin kafin minti 20, ko da suruka ce ta ce a leƙa. Littattafansu suna cewa kitsen alade ko na shanu, mu man sunfulawa ya wadatar. Garin romo na gwangwani ma a karanta bayansa kafin a saya.

Anti Mai Girki, Manchesta:
Hajiya, kin tuna min. Hukumar lafiyar abinci ta Birtaniya ta ce a daina wanke ɗanyar kaza, don fantsamar ruwan ce ke yaɗa ƙwayoyin cuta a kicin. Na san ba za mu ji ba. Wadda ta wanke dai ta bi wurin da sabulu, ta kuma goge kazar ta bushe, in ba haka ba fatar ba za ta yi ja ba.

Uwar Marayu, Birmingham:
Ragowa kuwa, a cire naman daga ƙashi tun da sauran ɗumi, ya fi saurin saki. Ya shiga firji cikin awa biyu, a cinye cikin kwana biyu, ko a kai firiza. Ɗumame sau ɗaya tak. Su Turawa sukan dama ragowar dankali da kabeji su soya, shi ne bubble and squeak, rago kuma su niƙa su yi shepherd's pie, wato niƙaƙƙen nama da ake rufewa da dakakken dankali a gasa. Amma kafaɗar da Baban Sadik ya bayyana ta riga ta yi rabin hanyar dambun nama. A daka ta a turmi, a soya da mai cokali uku a ƙaramar wuta da yaji, ana juyawa har ta bushe. Ƙashin kaza a zuba masa ruwa lita ɗaya da rabi, albasa, citta, attaruhu, ya yi awa biyu yana ɓararraka a hankali. Ga romon farfesu ko na dafa-duka.

Likitan Dabbobi, Leeds:
Bari in shigo kan kyanwa, don nan ne wasa ke zama jinya. Rabin awan da kaza ke hutawa, uwargida na can tana fama da romo, shi ne lokacinta. Foyil da tawul ba sa hana ta, da farce ɗaya take ɗagawa. A sa naman cikin maikurowef a kashe, a rufe, ko a fitar da ita daga kicin a ja ƙofa.

Satar tsoka ba ita ce abin tsoro ba. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta, kuma alamar takan ɗauki kwanaki kafin ta fito: kasala, dasashi ya yi fari. Don haka kada a ba ta tiren romo ta lashe. Mafi muni shi ne zaren da ake ɗaure nama da shi. Ya sha kitse, tana haɗiye shi, sai ya naɗe hanji ya tattare shi. In kin ga zare na leƙe a bakinta ko ta baya, kada ki ja, a kai ta asibitin dabbobi nan take. In za a ba ta rabonta, farar tsoka cokali ɗaya, ba fata, ba yaji.

Maman Hanifa, Leeds:
Allah ya saka da alheri. Likita, kwandon sharar fa? Tana ture murfin.

Likitan Dabbobi, Leeds:
Ƙashi da zare da foyil ɗin a ƙulle su a leda, a kai babban kwandon waje kafin a zauna cin abinci. Na kicin kuma a sami mai murfin da ke kullewa, don mai lilo da kai ɗaya take buɗe shi.